Ruwan da Ba Ya Cizo

Duk wanda ya gaji rini, da yatsa yake auna ruwa. Haka muka taso muka tarar a gidanmu a Dakoro. Ka tsoma yatsa cikin ganga, in ya yi santsi ya cije ka, ruwa ya yi. In bai cije ka ba, ka ƙara soda. Babanmu, Allah ya jiƙansa, har da harshe yake taɓawa. Ni Lawali na fi shekara ashirin ina wannan aiki tare da yayana Sha'aibu, kuma a lokacin ban ga ɗan da aka haifa da zai koya mini ruwa ba. Ku riƙe wannan magana, don ita ce ta kai ni ta baro.

Akoko da farar shadda suna zuwa daga masaƙa da sitaci da maiƙo a jikinsu, rini ba ya kama su sai an dafa su cikin soda an ɗauraye sau uku ko huɗu. Ruwan wannan wanki ya fi na rinin kansa yawa nesa ba kusa ba, kuma ba mu da inda muke kai shi sai wani kwari bayan marina, wanda in ya cika yake gangarawa tafki. Wata rana da rani, tumakin Arɗo Bammo, wani Bafillace da ke kai da komowa tsakanin Tagriss da garinmu, suka sha daga kwarin. Bakwai suka mutu kafin la'asar. Magana ta je gaban mai unguwa, har da wani ɗan meri, ma'aikacin ofishin magajin gari, mai biro uku a aljihu wanda bai san bambancin baba da tawada ba. Arɗo bai nemi diyya ba, shi ya sa ma abin ya fi ba mu tsoro. Aka yanke cewa kafin dabbobi su sauko daga arewa bayan kaka, ko mu gyara ruwanmu, ko a rufe marinar da kakanmu ya haƙa.

Wani mai sayar da shadda a Maraɗi ne ya gaya mini cewa a ƙasashen Larabawa akwai wani magani da ake kira anzim, yana wanke yadi tas ba tare da soda ba. Ya ba ni lambar wani Mamman ɗan Sabon Maci, wai shugaban ma'aikata ne a wata masana'anta a Aljeriya. Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki, ni ma a raina ban yarda ba, amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa yake yi. Ba zan ɓata muku lokaci da labarin sahara ba. Kowa ya ji shi, kuma masu ba da shi sun fi ni iya ƙarin gishiri.

Na sauka a wani gari mai yawan dabino a tsakiyar Aljeriya, da jakata da yadi biyu na akoko da na yanko daga gida don gwaji. Mamman ya tarye ni a tasha cikin rigar fata da baƙin tabarau, da waya uku a hannu, biyu daga ciki ban taɓa jin sun yi ƙara ba.

"Kai ne ɗan Dakoro? Sannu da tahiya. Mi kake biɗa, anzim? Ai ka zo gidanshi."

"An ce mani kai ne shef a masana'anta."

"Shef kam ni ne. Yanzu dai ina ɗan hutu."

Daga baya na ji hutun nasa ya shiga shekara ta huɗu. Sana'arsa ta gaskiya wani ɗaki ne da ya jera katifu goma sha ɗaya a ciki, yana tara 'yan ƙasarmu yana tura su aikin gini. Ni ma ya tura ni, wai kafin a ba baƙo anzim sai manya sun ga fuskarsa. Wata biyu ina ɗaukar bulo, ban ga manyan ba, su ma ba su gan ni ba. Abinci kuwa burodi da safe, burodi da rana, burodi da yamma, dogo kamar sandar makiyayi, in ya kwana ma da shi da sandar babu bambanci. Akwai ranar da na tuna furar da matar Yaya take damawa da nonon Fillani mai tsami, na ajiye bulo na zauna har mai aiki ya daka mini tsawa. Ban taɓa zaton gero zai iya sa ƙato irina hawaye ba.

Ranar da na matsa masa lamba, sai ga Mamman da wani bido, wato jarka, rawaya mai rubutun Larabci, yana waige-waige kamar ya sato zinari. Na sallame shi da gumina na wata biyu, na buɗe, na tsoma yatsa. Shiru. Na taɓa a harshe, sai ɗanɗanon sabulun wanke kwano.

"Mamman, wanga abu ba ya cizo."

"Kai baƙauye ne wallahi. Maganin Turawa ai ba shi cizo, a ɓoye shike aikinshi."

Ku duba ikon Allah. Mutumin nan tun da na san shi bai taɓa faɗin gaskiya ba sai wannan karon, shi ma bai san gaskiyar ya faɗa ba. Na jiƙa ƙyallen akoko kwana uku a cikin ruwan nasa, ya fito da taurinsa yadda ya shiga. Da na kai masa, ya jujjuya shi ya ce ruwan garin ne bai karɓi maganin ba. Ban doke shi ba, don ya fi ni mutane a ɗakin. Amma na fita da abu guda daram a zuciyata: duk ruwan da bai ciji yatsa ba, cuta ce.

Kunya ta hana ni komawa gida hannu rabbana. Wani Bamale, ɗan ƙasar Mali, da muke kwana kusa da juna ya ce mini masana'antun wankin tufafi na gaske suna Tunisiya, bakin teku. Ya raba guzurinsa biyu ya ba ni rabi, bai ma tambayi sunan ubana ba. Na kama hanya.

Garin da na isa duk warin rini yake, har na ji kamar na dawo gida. Na samu aiki ba takarda a wata masana'anta da ke wanke wandon jins, ina kwashe jiƙaƙƙun wanduna daga injin wanki zuwa na busarwa. A nan na ga haukan da ban taɓa gani ba. Ana kawo wando sabo fil, shuninsa ya kama har yana ɗaukar ido, irin wanda in mu muka rina shi sai mun kira maƙwabta kallo. Sai a zuba shi a inji a yi ta juya shi don ya koɗe, wasu ma a kankare musu gwiwa. Mu a gida mabugi yana yini yana dukan shadda don ta yi ƙyalli ta zama sabuwa, su kuwa sun gina katafaren gida da injuna goma don su mayar da sabo tsumma, kuma wai a Turai tsumman ya fi tsada. Na ce lalle ƙoshi ma ciwo ne.

Mai masana'antar gajere ne mai tumbi, turarensa yana riga shi shiga ɗaki. Duk ranar da Turawa masu saye za su zo, sai ya sa koriyar hula, a jera tukwanen furanni a bakin magudanar gaba, ya yi ta nuna musu ruwa garau yana dafa ƙirji. Ba ya kai su baya. A baya akwai wani bututu da ke amayo ruwa baƙi mai kumfa cikin wani busasshen rafi da ke gangarawa teku, ko kare ba ya bi ta wurin. Da na gan shi na ce a raina, ashe kwarinmu na Dakoro yana da uba.

Wadda ke kula da ɗakin gwaje-gwaje, labo suke ce masa, wata mata ce mai suna Madam Saluwa. Za ta kai hamsin, siririya, furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta, ba ta dariya ba gaira ba dalili. Wata rana ina wucewa da kaya ta tsayar da ni, ta kalli hannuwana, faratan da soda ta cinye da baƙin da ya zauna cikin tsagogin fata.

"Kai marini ne," ta ce da Faransanci. "Me ya kawo ka ɗaukar kaya?"

Da guntun Faransancin da na koya a lakwal, makarantar boko, na ba ta labarin tumaki bakwai da wa'adin kaka. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta nuna bayan masana'anta da haɓa. Ta ce a bakin wannan rafi aka haife ta, tana yarinya suna wanka a cikinsa. Ta ce ta yi shekaru tana fama da mai gidan kafin ya yarda a daina soda da ruwan bilic a injuna huɗu cikin goma, a koma anzim. Shi ma da sharaɗi ya yarda: ranar da kaya suka lalace a ɗaya daga cikin huɗun, an gama, a koma gidan jiya.

Daga ranar ta riƙa kirana labo lokacin hutun cin abinci. Takan turo mini rabin abin da ta zo da shi, wani jan yaji da zaitun da ƙwai, sannan ta hau bayani. Anzim iri-iri ne, in ji ta, kowanne da abincinsa. Wani sitaci kawai yake ci, wani maiƙon auduga, wani kuma yana lasar bayan zaren ne har shuni ya zube, shi ne na koɗar da wando. Ba ya son tafasasshen ruwa, ɗumi yake so. Da ma'auni ake zuba shi, ba da ido ba. In lokacinsa ya cika kuma dole a kashe shi da zafi a ɗauraye, domin shi bai san ya isa ba. Wannan ta maimaita ta fi sau goma. Ni kuwa ina gyaɗa kai kamar ƙadangare, ina cin ƙwanta, ina cewa a raina matar da ba ta taɓa tsoma hannu a karofi ba ita ce za ta koya wa jikan marina ruwa.

Da ta juya baya na buɗe bidon anzim ɗin na tsoma yatsa. Shiru. Na taɓa a harshe, ko ɗaci babu. Na ce ashe Mamman yana da dangi a nan ma. Har tausayin mai tumbin na ji, ana sayar masa da ruwan banza yana biya. In kun ce ai ina ganin wanduna suna fitowa a koɗe, to, ni a ganina jujjuyawar inji ce ke koɗar da su, maganin nan rakiya kawai yake yi. Mai raini ba ya rasa hujja.

Damina ta yi nisa a gida. Yaya yakan kira ni a waya, ba ya tambayar lafiyata sai ya gama tambayar magani. "Hatsi ya fara kai, Lawali. In babu, ka ce babu, in san inda zan sa kaina." Ni kuma ina ce masa saura kaɗan, alhali ban yarda akwai abin da zan kawo ba. Abin da nake nema a raina shi ne in kama su da hannu, in gano ainihin sinadarin da suke ɓoyewa.

Bayan wata uku Madam Saluwa ta je wurin mai gida ta tsaya mini, ta ce a ba ni inji ɗaya cikin huɗunta, marini ne, ya san yadi. Aka ba ni. Kwana biyar ina bin takardarta sau da ƙafa don tana tsaye a kaina. Ranar Asabar, da rana tsaka ake tashi, aka kira ta ofis, aka bar ni da zubin ƙarshe, wanduna wajen ɗari uku masu duhun shuni. Na dubi ɗan ma'aunin da ta ba ni, bai fi kofin shayi ba. Na ce wannan abu ko akuya ba zai sa wa atishawa ba. Na zuba ɗaya, na ƙara na biyu, na ƙara na uku don in taimaka musu. Da lokacin tashi ya yi, maimakon in ɗaga zafi in ɗauraye, sai na yi abin da kowane marini yake yi wa yadi mai taurin kai: na kashe inji na bar su su kwana cikin ruwan. Ranar Lahadi na je bakin teku ina tafiya hannu a baya, ina tsara yadda zan karɓi godiya ba tare da na nuna girman kai ba.

Litinin da safe na buɗe inji a gaban kowa. Na kama wando na farko ta ƙugu na ɗaga. Ƙugun ya biyo hannuna, ƙafafun suka zauna a ciki. Na kama na biyu, yatsana ya huda shi kamar dafaffen ganyen rama. Na uku ban ma ɗaga ba. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, kuma ni a ranar ba ido ɗaya ya tsone mini ba.

Mai gida ya zo yana ihu da Larabci, jijiyar wuyansa kamar za ta tsinke. Ya tambayi wanda ya yi. Kafin in buɗe baki Madam Saluwa ta ce, "Ni na sa shi a injin." Ya juya kanta ya yi ta zazzaga mata a gaban ma'aikatan da ta haifi wasunsu. Amma ni na lura da abu guda: ihun na baki ne, idonsa murna yake. Abin nema ya samu. Soda ta fi araha, dama hanya yake nema. Kafin azahar na ga ana turo buhunan soda da bidunan bilic zuwa injuna huɗun nan. Ni kuwa aka ce in tattara in bar wurin. Bai kira 'yan sanda ba, ba don imani ba, don kada a tambaye shi yadda aka yi mutum marar takarda yake masa aiki.

Ina bakin ƙofa aka ce Madam tana kirana. Na shiga labo ina jiran zagi, wallahi da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta ce in ba ta sauran akokon da nake yawo da shi. Ta yanka shi biyu, ta ajiye ɗaya a tebur, ta saka ɗaya cikin ruwa mai ɗumi, ta barbaɗa wani gari ɗan mitsitsi. Muka jira rabin awa. Ta ciro shi ta ɗauraye, ta ɗauko kwalbar iyod, jan maganin nan da ake shafa wa miki a asibiti, ta ɗiga a kan kowanne. Wanda ba a wanke ba ya yi baƙi-shuɗi nan take. Wanda aka wanke ya tsaya ruwan ɗorawa.

"Baƙin nan sitaci ne," ta ce. "In babu baƙi, babu sitaci. Daga yau wannan ne yatsanka. Wancan na hannunka ka bar shi ya huta."

Na kasa ɗaga kai.

"An ce mini kana faɗa wa mutane ba ya cizo. Ya ciji wando ɗari uku. Ya ciji aikina na shekaru. Me kuma kake so ya ciza kafin ka yarda?"

Ta tura mini gwangwani biyu na gari, na sitaci da na maiƙo, da ma'aunin zafi, da kwalbar iyod ɗin. Ta ce ruwan wanki ne kawai wannan zai gyara mini, ruwan rinin kansa yana nan da sodarsa, sai in yi masa ramin siminti daban in killace shi rana ta shanye. Sannan ta ƙara da maganar da har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse.

"In ya ƙare kada ka sake keta sahara. Masu sayar da magungunan masaƙa a Kano suna da shi."

Kano. Tafiyar yini guda daga ƙofar gidanmu.

Na ce, "Madam, don Allah ki yafe mini."

"Ba yau ba," ta ce, tana wanke kwalabenta ba ta kalle ni ba. "Je ka gyara tafkinku. Ko ɗaya ya tsira cikin biyun, tunda rafinmu ya tafi."

Na iso Dakoro an gama yankan hatsi, garken farko sun fara saukowa. Na tarar da Yaya ya rame, har ya fara tambayar yadda ake shiga sana'ar kabu-kabu, mutumin da ko keke bai iya ba. Kwana shida muka yi muna haƙa rami muna shafe shi da siminti, muka kewaye shi da waya da ƙaya. Ya taya ni aikin ba tare da ya tambaye ni komai ba, ni ma ban ba shi labarin wanduna ba, zancen Kano kawai na gaya masa. Rana ta bakwai da hantsi mai unguwa ya zo, da ɗan merin nan da birukansa, da Arɗo Bammo riƙe da sandarsa, da 'yan kallo waɗanda yawancinsu rufewar suka zo gani.

Na ɗumama ruwa a ganga, na auna zafinsa, na auna gari, na saka turmin akoko. Ina cikin juyawa sai Yaya ya matso, ya tsoma yatsa, ya taɓa a harshe. Na ga fuskarsa ta canza. Na san fuskar, ni na kai ta Tunisiya.

"Lawali, an cuce ka. Wanga ruwan banza ne." Ya rage murya. "Miƙo soda maza, tun ba su gane ba."

Bai jira ni ba, ya kai hannu ga gwangwanin soda da ke gefe. Na cafke wuyan hannunsa. Tun da aka haife ni ban taɓa riƙe yayana haka ba, balle a gaban mutane.

"Yaya, ka mare ni in kana so, amma ba ka zuba ta."

"Ni kake riƙe ma hannu?"

"Kai nike riƙe mawa. Na yi abin ga da kake shirin yi, wata baiwar Allah na can tana biyan kuɗin wautata. Ka ba ni rabin awa."

Ya fizge hannunsa ya koma gefe yana huci. Da lokaci ya cika na ciro yadin na ɗauraye, na ɗiga iyod a kansa da kan wani da ba a wanke ba, ɗaya ya yi baƙi, ɗaya bai yi ba. 'Yan kallo suka yi ta kabbara kamar sun ga dabo, ɗan meri ya zaro biro yana rubuta abin da shi kansa bai sani ba. Arɗo ko gezau.

"Ni ban zo kallon tsumma ba," ya ce. "Tumakina ba yadi sunka ci ba, ruwa sunka sha."

Mai unguwa ya ce, "To, Arɗo, mi kake so a yi?"

Arɗo ya dubi hannuwan Yaya. Sun fi nawa lalacewa, tsagogin tafinsa a buɗe suke, wasu har da ja a ciki. Hannun da ke da irin wannan miki, in ya shiga ruwan soda, mai shi ba ya iya ƙirga uku.

"Marini, sa hannunka cikin ruwan ga. Ka bar shi har in gama gaya maka tumakina. In ka iya, na yarda."

Yaya ya kalle ni, kallon in na kunyata to kai ne. Ya naɗe hannun riga, ya cije leɓe, ya tsoma har wuyan hannu.

Arɗo ya jingina da sandarsa ya fara, a hankali, ba ya gaggawa. Fara mai baƙin kunne, wadda ya samu daga wurin kawunsa. 'Yarta, da ke da ciki na fari. Ja mai gajeren bindi, wadda ba ta yarda kowa ya tatse ta sai matarsa. Rago mai ƙaho ɗaya da ya ajiye don sunan jikansa. Yana faɗa yana tsayawa, yana gaya mana inda kowace ta faɗi da yadda kumfa ta fito mata a baki. Masu kabbarar ɗazu duk suka sunkuyar da kai. Ni da na raina mutumin nan a gaban mai unguwa da rani, na ce tumaki bakwai ne za a tayar wa mutane da hankali a kansu, sai a ranar na ji nauyinsu.

Ya kai ta bakwai ya tsaya. Yaya bai motsa ba. Arɗo ya matso, ya tsoma nasa yatsan, ya taɓa a harshe, ya tofar.

"Ya yi," ya ce. Ya nuna ramin siminti da sanda. "Wancan kuwa, ranar da na ishe shi buɗe, babu sauran zama gaban kowa."

Ya saɓa sandarsa ya tafi. Mai unguwa ya yi addu'a, mutane suka watse, wasu da alamar an hana su kallo. Na juyo in kwashe kaya, sai na ga Yaya yana nan durƙushe a bakin ganga. Ya saka hannu na biyu ma. Yana motsa yatsunsa a hankali cikin ruwan yana kallonsu.

"Yaya, sun tahi. Hiddo hannunka."

Bai fitar ba. Da ya yi magana, muryar ba tasa ba ce.

"Lawali, ashe ana iya aikin ga hannu bai ruɓe ba?"

"Ana iyawa, Yaya."

"Baba ya yi shekara huɗu sai an ba shi hura a baki, ba ya iya riƙe ludayi." Ya ɗago ya dube ni. "Kuma ka ce a Kano ake saida shi."

Na durƙusa kusa da shi muka zauna har ruwan ya huce.

Marina tana nan, yanzu ma daga bakinta nake wannan rubutu. Mutanen gari suna kirana gwanin anzim, ina amsawa don ba su san komai ba. Da damina ta zagayo tafki ya cika, bayan kaka na ɗauki hoton tumakin Arɗo suna sha, na aika wa Madam Saluwa ta waya. Na ga alamar ta buɗe ta gani. Ba ta amsa ba, kuma ban ga laifinta ba, don ni na san launin ruwan da ke bi ta bayan gidan da aka haife ta.